Fiffiken Kolombiya

Batsari, Oktoba 2021

Yaya Sammani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya makaranta, ya Anti Mubina da yara? Tunda aka yanke layin waya sai wasiƙa, ga ta a hannun Jinjiri direba.

Jikin Baba sai a hankali. Idanu sun koma ruwan ɗorawa, amma bakin nan bai mutu ba. Kullum bayan la'asar sai ya tara jikoki a zaure ya dasa musu labarin kumbon Kolombiya, wanda ya ishe mu da shi muna yara. Yadda ya ji tashinsa na farko a rediyo a 1981, yana sabon malamin firamare a Darini. Jirgin da zai je sama jannati ya dawo ya sauka a kan tayoyinsa, a gyara shi ya koma, haka har shekara ashirin da ɗoriya. Jiya ya kai ƙarshe. A 2003, wajen tashi, wani guntun soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffiken hagu. Na ƙasa, masu kula da jirgin, sun gani, suka ce wa mutum bakwai da ke ciki ba abin damuwa ba ne. Na cikin suka yi ta aikinsu, wajen dawowa jirgin ya tarwatse da su.

Sai na tashi na shige ɗaki ina kuka. Yaya, mu ne na ƙasan. Likita ya gaya mana dajin hanta ne, ba magani, mu kuma muka ce wa Baba ciwon shawara ne. Na gaji da ƙaryar nan. Ka ba ni izini in faɗa masa.

Ƙanwarka,
Ramlat

Safana, Oktoba 2021

Ramlat,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso. Allah ya ba Baba sauƙi, ke kuma ya saka miki.

Ban amince ba. Likita ya san cuta, bai san ajali ba. Kin san Baba, ranar da ya ji zai daina cin abinci. Su ma mutanen kumbon, ko an faɗa musu, me za su yi a can sama? Tsoro kawai za a ƙara musu. Ki bari a yi hutu in zo, idan faɗar ce mu faɗa tare. Hanya ba ta biyuwa kullum saboda mutanen daji, kin sani.

Ki gaishe shi da kyau, ki ce ina tafe.

Yayanki,
Sammani Nu'uman

Batsari, Nuwamba 2021

Yaya,

Ina wuni, ya iyali? Ba don girmanka ba da na yi gaban kaina.

Ban karya maganarka ba, zagaye kawai na yi. Ina ba shi kunu na ce, "Baba, da kai ne a jirgin nan, za ka so a faɗa maka?" Sai ya ce, "Ke dai kullum na sama kike tausaya wa. Na ƙasan fa, da suka kwana da abin a ransu?" Ya miƙo kofi in ƙara masa, kuma bai sha ba.

Yanzu zaure ma ba ya iya fitowa. Hutun naka yaushe ne? Ina so in durƙusa in nemi gafararsa, shi ma ya yi mana wasiyya, amma da wane baki, alhali na ce masa shawara ce? Tsoro nake ji, Yaya.

A gaida Anti.

Ramlat

Batsari, Nuwamba 2021

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar. Ba ta yadda zan same ka.

Wajen gaisuwa Liman ya kira ni gefe. Ashe tun ranar da muka dawo daga asibiti Baba ya je wurinsa, ya ce ya ji abin da likita ya gaya mana a bakin ƙofa. Ya bar masa wasiyyarsa, ya ce ya yafe mana duka. Ya roƙe shi kada ya sanar da mu cewa ya sani, wai yaran suna ƙoƙari, a bar su.

Kullum ina gefensa, Yaya, kuma ban yi bankwana da shi ba.

Ka zo in hanya ta yi kyau. Allah ya jiƙansa.

Ramlat