Hannun Baba Direba

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Ina fatan kina shafa maganin da na aiko, ba ajiye shi kika yi a taga yana shan rana kamar na bara ba. Mu nan lafiya lau, Baban yara yana gaishe ki.

Na ce lafiya lau ne don haka aka saba. Kin ga kuma rubutu na yi ban kira ki ba, saboda na san halinki a waya: kafin in kai tsakiyar magana kin yanke hukunci, kin fara faɗa. Ki daure ki karanta har ƙarshe.

Yaya, hutu na ɗauka, na mako biyu. Ba kora ta aka yi ba, ba kuma kwanciya na yi ba. Ni na je da ƙafata ofishin shugabarmu na roƙa, kuma tun da na fito daga ofishin nan nake ji kamar sata na yi.

Kin san ɗakin wankin ƙoda da nake aiki ba a rufe shi don wani ya gaji. Majinyata suna zuwa sau uku a mako, a soka musu allura biyu a hannu, inji ya ja jinin ya tace ya mayar. Wanda ya tsallake ranarsa, ruwa ne zai taru masa a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara gagara. Mu kuma ma'aikatan ba mu da yawa. In ɗaya ta tafi, sauran ne za su raba gadajenta.

Hannuna ne ya fara rawa. Da fari sai in na ɗauki kofin shayi, na ce yunwa ce. Ranar Alhamis na ɗauki allura zan soka wa wata baiwar Allah, sai na ga bakin allurar yana karkarwa. Na ce mata bari in sake safar hannu, na shige ɗakin ajiya, na zauna a kan kwali na yi ta kuka ban san na mene ne ba. Likita ya duba ni ciki da bai, ya ce ba ciwon komai, gajiya ce. Gajiya fa, Yaya! Da ma zazzaɓi ya ce, da na samu abin gaya wa mutane.

Gadajena Doguwa aka ɗora wa. Ita ce abokiyar aikina da na ba ki labari, mai ciwon baya, wadda take ɗaure ƙugu da ɗamara a ƙarƙashin riga. Da na yi mata sallama ta ce, "Allah ya huta gajiya," amma ba ta ɗago kai ba. Tun ranar nake juya maganar nan. Addu'a ce ko baƙar magana? Baban yara ya ce wataƙila jini take aunawa shi ya sa ba ta ɗago ba. Shi ai komai mai sauƙi ne a wurinsa.

Hutun kuwa ba a magana. Har yanzu kullum sai na goge farar rigata na rataye, kamar mai shirin fita. Maƙwabciyata mai ɗinki ta gan ni a gida da hantsi ta tambaya, na ce mata aikin yamma nake. Jiya a kasuwa na hango mai gadin asibiti, sai ga ni na durƙusa bayan kwandon tumatir ina ta zaɓe, har mai tumatir ɗin ya ce in ba saya zan yi ba in daina matsa masa kaya. Ni da ’ya’yana sun kai makarantar sakandare!

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sakat shi ne Baba Direba. Tsoho ne, tsohon direban babbar mota, ga rigima ga barkwanci. Yana da wata ’yar rediyo da yake zuwa da ita, ya ƙure ta tun daga hawa gado har sauka. Shugabarmu ta yi faɗa, likita ya yi lallashi, majinyata sun yi ƙorafi, ko a jikinsa. Ya ce ya yi shekaru yana tuƙi ita ce kaɗai abokiyar hirarsa, ba zai kashe ta don kowa ba.

Masu wannan ciwo likita yana haɗa musu jijiya ta musamman a hannu, wadda ake soka allurar. Ta hannun damansa ta riga ta mutu. Ta hagu ce ta rage, ga zurfi ga karkata, in ta lalace kuma sai dai wani aikin tiyata, shi kuwa jikinsa ba na tiyata ba ne. Ni kaɗai nake samunta a suka ɗaya. Doguwa ta taɓa gwadawa ta kuskure, hannun ya kumbura ya yi baƙi, tun daga nan in ya gan ta da allura sai ya ɓoye hannun a hammata. Da na gaya masa zan tafi hutu, ya yi dariya ya ce, "To ’yata, ni ma na ɗauki nawa. Sai kin dawo."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Yanzu kuwa in na tuna ba na dariya, don tsohon nan ba ya faɗar abin da ba zai yi ba.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa kowa a gida, don Allah.

Taki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, na ga faɗan, na kuma gode. Kin ce in kwanta in yi barci, asibiti ba na ubana ba ne. Na ji. Sai dai ki ji abin da ya faru.

Bai zo ba. Ranar Litinin ce ranarsa, na kira ɗakinmu da rana wai ina tambayar ko na bar makullin kabad, aka ce gadonsa yana nan ba kowa. Na kira lambarsa, a kashe. Na sake kiran asibiti, na kuma sakewa, har shugabarmu ta karɓi wayar da kanta ta ce sun yi magana da matarsa, ya ce zai zo Laraba, ni kuma in ta sake jin muryata kafin hutuna ya ƙare sai ta saɓa mini. Baban yara ya ƙwace wayar ya ɓoye. Na gano ta a cikin buhun shinkafa, don ta yi ƙara.

Ni na san me tsallake rana yake yi wa mutum, Yaya. Na sha ganin waɗanda aka shigo da su ranga-ranga suna haki, ba sa iya kwanciya sai zaune. Duk inda na juya a gidan nan fuskarsa nake gani. In na sa abinci a baki sai in ce ga ni ina ci, shi kuma ruwa yana hawa masa ƙirji, saboda wata ta ce ta gaji. Wa bai gaji ba? Doguwa ba ta gaji ba ne? Innarmu da ta raine mu, yaushe ta taɓa cewa a ba ta mako biyu?

Na yanke shawarar komawa. Na ɗauko rigar, sai na ce bari in gwada hannun tukuna. Na ɗauki zare da allurar ɗinki na tsaya bakin taga inda haske yake. Yaya, na kasa zira zaren. Na lashe bakinsa, na riƙe numfashi, na dafa gwiwar hannu a bango, zaren yana ta wuce ramin ta gefe. Na ajiye allurar na zauna a ƙasa.

Kin ga inda nake. In na zauna a gida, tsoho ya ƙi miƙa hannu, wani abu ya same shi, ni ce. In na koma da wannan hannun na fasa masa jijiyar da ta rage, ni ce dai. Na rasa inda zan sa kaina. Baban yara ya ce in bar wa Allah, na ce na bar masa, amma zuciyar ta ƙi ji.

Gobe Laraba. Ban san me zan yi ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin ga yadda yake hawa da sauka.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ki zauna da kyau kafin ki karanta, na san za ki yi faɗa, amma ki bari sai ƙarshe.

Na je. Ban sa farar riga ba, da kayan gida na tafi, na ce ko leƙawa ce in yi. Ban ma kai ƙofar ɗakinmu ba na gan shi a kan benci a baranda, matarsa a gefe ta yi tagumi, rediyo tana ta zuba. Ƙafafunsa sun kumbura har ya taka bayan takalmin, yana magana yana tsayawa ya ja numfashi. Matar ta ce da ƙyar ta jawo shi, ya iso kuma ya ce ba zai shiga ba. Yana ganina fuskarsa ta washe, ya ce, "Yauwa, ga ta nan. Ai na gaya muku za ta zo."

Ban san lokacin da raina ya ɓaci ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Baba, kashe kanka za ka yi ka bar ni da alhaki?" Sannan na miƙa masa hannuwana biyu na ce ya duba. Suna ta rawa a gabansa, na kasa tsayar da su, kunya kamar in nutse.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce tun yaushe. Na ce an kwana biyu. Ya ce shi ya ɗauka yawon biki zan tafi, shi ya sa ya ce bari ya ja mini rai. Sai ya juya ga matarsa ya ce, "Kin gani ko? Ni ma hannuna ya taɓa yi mini haka a kan hanya, gefen titi na gangara na kashe mota, mai kaya ya yi ta zagi." Ya dafa kafaɗarta ya miƙe, ya ce a kira masa Doguwar, amma da sharaɗin in zauna kusa da shi.

Shugabarmu ta gan ni ta harare ni, ta nuna mini kujerar masu jinya, ta ce in na taɓa ko auduga sai ta sa mai gadi ya fitar da ni. Na zauna na matse hannuwana a tsakanin cinyoyi. Doguwa ta zo da tire, ita ma na ga goshinta yana gumi. Ta shimfiɗa hannunsa a kan matashi ya miƙe sambal, yadda aka koya mana, tana lalube da yatsa, jijiyar ta ƙi fitowa.

Sai Baba ya ce, "Ina sitiyarina?" Doguwa ta kalle ni. Ni wasa ne nake yi masa kullum don ya daina kallon allura: in naɗe tawul in ba shi ya riƙe, in ce Baba ga kwana nan, karya hagu. Shi kuma ya damƙe ya murɗa hannu yana ƙarar mota da baki. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba, don wa zai tsaya ba da labarin shirme? Doguwa ta naɗe tawul ta ba shi tana dariyar dole. Ya damƙe, ya karya hagu. Yaya, sai ga jijiyar ta taso ta miƙe a ƙarƙashin yatsanta. Suka ɗaya ta samu, ta biyun ma haka. Jini ya bi roba, inji ya kama aiki.

Ashe ba hannuna ba ne, tawul ne. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, na kuma ji wani ɗan haushi, ni da nake ganin in ba ni ɗakin nan rushewa zai yi. Doguwa ta dafa ni ta ce in don ita ce in ƙara mako guda ma, ranar da bayanta ya tashi ai ni zan ɗauki nata. Ashe dai addu'ar ce ta yi mini ran nan.

Na ce bari in ɗan jira in ga numfashinsa ya daidaita sannan in tafi. Na jingina kaina da ƙarfen gadon. Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na farka rana ta yi sanyi, an ja labule an kewaye ni, mayafin Doguwa yana jikina. An daɗe da cire Baba daga inji, an ɗaure masa hannu, amma yana zaune a bakin gado bai tafi ba, matarsa tana ta yi masa alamar su wuce. Na ji ɗakin ya yi mini wani iri, na rasa mene ne ya sauya. Sai da na ga rediyon a kan cinyarsa. A kashe take, Yaya. Mai shara ta gaya mini tun da na fara gyangyaɗi ya kashe ta, duk wanda ya ɗaga murya kuma sai ya zare masa ido.

Ya ce, "Kin tashi? To je ki gida ki ƙarasa. In na sake ganinki a nan kafin lokacinki, Doguwa zan sa ta soka miki."

Hannun har yanzu yana rawa, kin ga rubutun. Rigar tana kan kujera ban goge ta ba. Maƙwabciyata ta sake tambayata yau da safe, na ce mata hutu nake yi, na gaji. Yanzu sai ki yi faɗanki, ina saurare.

Ki gaida maigidanki da yara.

Taki har kullum,
Auta