Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Zakirai, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin surukarki Inna? Allah ya ji ƙan mijinki Ɗanjuma, ya sa ya huta, ke kuma ya ba ki ikon ƙarasa takabarki lafiya.

Na san za ki ce Yaya Barira ta koma zamanin da, wai wasiƙa. To ya zan yi? Wayar gidanku ta farfashe tare da babur ɗin marigayi, in kuma na kira ta ƙaninsa Sama'ilu sai ki yi ta ce mini lafiya lau, lafiya lau, don yana tsaye a kanki. Ni kuwa ba lafiya lau nake son ji ba. Shi ya sa na ba maigidana Alhaji wannan takarda ya damƙa wa Sama'ilu in sun haɗu a kasuwar Dawanau wajen sayar da wake.

Ga daddawa da man shanu a leda. Ga kuma littafi, na ɗaya da na biyu. E, na soyayya ne, kada ki harare ni. Ya zagaye malamai mata na makarantarmu kaf har bangonsa ya yage, Malama Ramlat ma sai da ta ƙona miyar kuka a kansa. Babu ɗan mai kuɗi a ciki, babu mota mai baƙin gilashi. Labarin wata mai ɗinki ne, Aina'u, da wani mai gyaran injin ban ruwa, Muntaka, talakawa irinmu. Na san ki da karatu tun kina ɓoye littafi a kwandon wanke-wanke. Ki karanta ya rage miki zaman shiru.

Sama'ilu ya gaya wa Alhaji wai Inna ba ta cin abinci. Gaskiya ne?

Ki gaishe ta da kyau. Taki,
Barira

Makoda, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ina gaida Alhaji da yara.

Yaya, gaskiya ne. Inna ba ta ci. Kunu ma sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin. Zanenta yanzu sai ya kusa zagaye ta sau biyu. Kin san marigayi shi ne ɗanta na fari, kuma kin san mutanen da da kunyar ɗan fari. Tunda na zo gidan nan ban taɓa jin ta kira shi ba, ko da laƙabinsa. Yaron nan, wancan, shi ke nan. Ranar da aka shigo da gawarsa cewa kawai ta yi Allah ya ji ƙan musulmi, ta ɗauki tsintsiya ta share inda masu gaisuwa za su zauna. Duk gari ana ta yabon dauriyarta. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita na san dauriyar nan cin ta take yi, kuma wallahi tsoro nake ji kada kafin in fita takaba a sake shimfiɗa tabarmar gaisuwa a gidan nan.

Sai batun littafinki. Ke dai Yaya, Allah ya shirye ki! Shekara nawa kina zuwa gidan nan, ba ki san sunan yankan mijina ba? Ɗanjuma laƙabi ne don an haife shi ran Juma'a. Sunansa na gaskiya shi ne na mai gyaran injin nan na littafinki. Ina buɗe shafin farko na gan shi, na rufe, na tura littafin ƙarƙashin katifa, na wuni ina jin haushinki.

Amma kin san ni da littafi. Washegari na ɗauko, ina karantawa a zuci a tsakar gida, Inna na gefe tana ɓarar gyaɗa. Na zo wajen da Aina'u ta kai masa kekenta na ɗinki gyara, ya ce shi injin ruwa ya sani, ta ce ai duk ƙarfe ne, ban san lokacin da dariya ta suɓuce mini ba, ta farko tun rasuwar. Inna ta ɗago ta tambaye ni me ke cikin takardar. Na ji kunya, na ce labari ne. Ta ce to in karanta a fili mana, ko ita ba mutum ba ce.

Yanzu kullum bayan la'asar sai na karanta mata. Sunan ne dai ba ya fita a bakina, ni da ban taɓa faɗarsa ba yana raye, balle a gaban uwarsa. Duk inda na ci karo da shi sai in ce Mai Inji. Inna ba ta san komai ba, ta ɗauka haka aka rubuta.

Marubuciyar nan ta iya, Yaya. Har muka gama na ɗaya bai taɓa ce wa Aina'u yana son ta ba, sai dai kullum ya biyo ta ƙofar shagonta ya ajiye mata ɗaurin zogale daga lambu ya wuce. Inna ta ce wannan mai rubutu ta zauna da maza, don na kirki haka suke, bakinsu nauyi, hannunsu sauƙi. Mutum ɗaya ce ba ta yi mata ba a littafin, uwar Mai Inji, saboda tana kiran ɗanta na fari gatsal, har tana shafa kansa a gaban mutane. Duk sanda ta fito sai Inna ta ja tsaki ta ce wannan mata ba ta da ta ido.

Jiya muna cikin bikinsu ta cinye rabin kwanon fate ba ta lura ba. Mun kusa gama na biyu. Ki aiko na uku maza.

Ƙanwarki,
Furera

Zakirai, ranar Talata

Furera ƙanwata,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Da na karanta takardarki sai da na dafe kai a ɗakin malamai. Wallahi tallahi ban sani ba. Kowa Ɗanjuma, Ɗanjuma, ranar ɗaurin aurenku kuma muna cikin gida wajen tukwane, wa ya ji abin da liman ya faɗa? Na tambayi Alhaji, ya ce shi ma da Ɗanjuma ya san shi a kasuwa. Ki yafe wa yayarki, garin neman gira na kusa rasa ido.

Na ji daɗin rabin kwanon faten nan fiye da albashina. Amma na uku kam ba zan aiko ba, kuma da gangan na riƙe shi tun farko. Bari in faɗa miki gaskiya: Muntaka mutuwa yake yi. Ciwo ne ya kama shi bayan damina, ya tafi ya bar Aina'u da lambu. Malama Ramlat da ba ta taɓa rasa kowa ba sai da idonta ya kumbura, hedimasta ya aika ta gida yana zaton ciwon ido ne. Ni kaina ban taɓa karanta mutuwar da aka rubuta da gaskiya haka ba. Babu ihu, babu suma, sai takalmansa a bakin ƙofa da aka rasa mai ɗaukewa. To ina ke, ina Inna?

Ga shawara. Na biyu ya ƙare suna cikin daɗinsu, Aina'u da ciki. Ki ce wa Inna nan labarin ya tsaya. In ta matsa, ki ƙirƙiro mata: ta haifi namiji, sun sayi sabon inji, sun je Makka. Ke da kike shirya mana tatsuniya muna yara, wannan ba zai gagare ki ba. Ni kuma zan nemo muku wani mai ban dariya.

Ki kula da kanki. Yayarki,
Barira

Makoda, ranar Asabar

Yaya Barira,

Amin wa alaikumus salam. Na yafe miki, dama haushin bai kwana biyu ba.

Na bi shawararki, kuma ta watse. Na ce Aina'u ta haifi namiji, aka yanka rago, suka sayi sabon inji. Inna ta bar ni na kai su har filin jirgi, sannan ta ce in ajiye takardar, ai ta ga idona ba ya kanta. Ta ce labarin da nake yi yanzu ba shi da gishiri, ba bakin matar nan ba ne. Wai tun ranar da Mai Inji ya yi tari a lambu ya ɓoye wa matarsa ta san inda aka dosa, mai rubutu irin wannan ba ta sa tari a banza. Ni da na karanta wurin da bakina ban ma lura ba.

Sai ta ce, “Ke da yayarki kun mai da ni yarinya. Wadda ta ga an fita da nata, na takarda ne za a ɓoye mata?”

Yaya, wannan ce magana mafi kusa da shi da ta yi tun rasuwar. Daga ranar kuma ta koma gidan jiya, ko kunun ba ta kurɓa. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ta a bakin rumbu, ba don Sama'ilu na kusa ba da ta fasa kai. Mun kai ta asibiti, suka ce ba su ga ciwo ba, yunwa ce, suka ba da maganin ƙarin jini. Yana nan kan taga ba ta taɓa ba.

Ni ma tsoron na ukun nake ji, kada ki zaci jarumta ce. Amma ina son in san yadda Aina'u ta yi da takalman, don na marigayi suna nan inda ya cire su. Ki aiko, don girman Allah. In ba ki aiko ba zan sa Sama'ilu ya shiga cikin birni ya nemo, kin kuwa san kunyar da zai sha yana tambayar littafin soyayya da gemunsa.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Furera

Zakirai, ranar Laraba

Furera,

Salamu alaikum. Ga shi nan, na naɗe shi cikin ɗankwali don kada Alhaji ya gani ya yi mini tsiya. Inna ta fi mu gaskiya, ta kuma fi mu iya karatu, mu da muke taƙama da alli. Shafukan ƙarshe sun ɗan cure, hawayen malaman makarantarmu ne, ba ruwa ba. Ki karanta da rana, ki sa Sama'ilu ya zauna kusa. Ki rubuto mini ko me ya faru.

Allah ya sa mu ji alheri.
Barira

Makoda, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mun gama.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko masallaci. Muna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Inna ta jingina da bango don zama ma wuya yake mata, tiren gyaɗa a cinyarta ba ta ɓara ko ɗaya. Sama'ilu yana zaure wai yana gyaran buhu, amma na san kunnensa na wajenmu.

Kin san wurin. Ciwo ya ci ƙarfinsa, Aina'u ta fita ɗebo ruwa, aka bar shi da uwarsa, matar nan da Inna ke ja wa tsaki. Ta ɗora kansa a cinyarta tana kiran sunansa, yana amsawa, tana kira, yana amsawa, har ta kira bai amsa ba. Marubuciyar ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, Allah ya yi mata albarka. Ni kuwa ina ta Mai Inji, Mai Inji, abin ya fita ba daɗin ji.

Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce babu uwar da za ta kira ɗanta Mai Inji yana barin duniya, in gaya mata abin da aka rubuta. Na ce Inna ba zan iya ba. Ta ce sunan wani babba ne a danginmu? Na girgiza kai. Ta dube ni, sai na ga leɓenta ya soma motsi. Ta gane.

Ta ce, “Karanta yadda yake, 'yar nan. Ni na ba ki izini.”

Na koma farkon shafin na karanta yadda yake. Karo na farko ke nan da sunan ya fita a bakina, ya kuwa fita da kuka. Uwar littafi ta kira, na faɗa. Ta sake kira, na faɗa. A na ƙarshen, wanda ba a amsa ba, ba ni na faɗa ba, Yaya. Inna ce. A hankali ta fara, kamar mai taɓa ruwan zafi, sannan ta ɗaga murya ta kira shi sosai, irin kiran da ake yi wa yaro ya shigo ya ci tuwo. Tiren ya kife, gyaɗa ta watse, kaji suka taru a kai babu mai kora. Sama'ilu ya shigo da gudu, ya tsaya, ya juya ya koma zaure, muna jin nasa kukan daga can.

Ta yi kuka har la'asar ta yi sanyi. Ta ba ni labarin ranar da ta haife shi a ɗakin uwarta ana tsakiyar girbin gero, da yadda take miƙa shi ga kakarsa in mutane sun shigo, alhali ji take kamar ta haɗiye shi don so. Ta ce shekara da shekaru tana jira su kaɗaita ta kira shi sau ɗaya, kullum sai ta ce gobe. Ta ce matar littafin nan da take zagi ta fi ta wayo.

Da magariba ta ce yunwa take ji. Na tuƙa tuwon dawa, na sa man shanunki a miya, ta cinye ta nemi ƙari.

Washegari muka ƙarasa sauran. Aina'u ta wanke takalman ta ba wani mai noman lambu da ke tafiya ba takalmi. Mu ma mun wanke namu, ni da Inna, ita sabulu ni ɗauraya.

Akwai wata 'yar takarda a cikin wannan. Inna ce ta faɗa na rubuta, ban canza komai ba.

Taki har kullum,
Furera

Zuwa ga Barira 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Na ci man shanunki, ya yi daɗi. Littafinki ba zai dawo yanzu ba, za a sake karanta mini daga farko, da sunan a ciki. In kin san inda mai rubutun take, ki aika mata da gaisuwata, ki ce wata tsohuwa a Makoda ta gode. Ki kuma kira babban ɗanki yau, kada ki ce gobe.

Allah ya yi muku albarka.

Ni ce,
Uwar Muntaka