Batirin da Thongbai Ya Ɗaura

Zuwa ga ƙanena Thongbai,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da garejinka. Ka yi haƙuri da rubutun, iyakar abin da na koya a makarantar haikali ke nan.

Tun shekarar da kogin Chi ya cika ya tafi da gadar katako taraktar nan take hannuna, ba ta taɓa rasa wuta ba sai bana. Sabon batirin da ka ɗaura mata lokacin bikin watsa ruwa na sabuwar shekara ba ya samun caji. Sau biyu ina kai shi wajen masu injin casa su cika shi, kwana uku ya mutu. Na ɗame fambel, na kankare kawunan batir da yashi, na duba gawayin dinamo, da sauransa. Allurar caji kuwa hagu take kwantawa, alamar wuta ba ta shiga.

Irin shinkafa ya isa dashe, gona ba huɗa. Nan da kwana goma ya tsufa. Me ka gani?

Ka gaida matarka.
Yayanka, Kamphan

Yaya,

Mun gaishe ka. Abin da na gani tsufa ne, nata da naka. Dinamon ya mutu, irinsa kuwa ko a Bangkok babu. Batiri dai kar ka ɗora masa laifi, da hannuna na ɗaura shi, jan kai a wayar wuta, baƙin kai a jikin ƙarfe, kamar kowace mota a duniya. Shekara talatin ina wannan aiki.

Ranar Asabar zan turo mai sayen tsohon ƙarfe ya ɗauke ta. Ka yi hayar ta maƙwabta ka huta. Ga yajin kifi nan a hannun direban da ya kawo maka wasiƙar nan.

Ka huta lafiya.
Thongbai

Thongbai,

Gaisuwa. Yajin ya iso, gishiri ya yi yawa.

Ka ce kamar kowace mota. To ita ba mota ba ce. Bayan ambaliyar nan, tsoho Seng bakanike ne ya busar da ita, kana makaranta, ni ke riƙe masa sifana. Ya ce irin waɗannan tsofaffin taraktoci, jan kan batir ne ke zuwa jikin ƙarfe. Da ya ɗaura batir, sai ya ɗauki guntun waya ya taɓa dinamo da shi sau ɗaya, ya yi tartsatsi, ya ce haka ake tuna mata hanyar wuta.

Yau na juya batirinka, na yi yadda Seng ya yi. Na tayar da ita, allura ta koma dama ta zauna.

Mai ƙarfen naka in ya zo, ya naɗe wando, akwai dashe. Gobe da safe zan fara huɗa daga gonar bakin rafi.

Yayanka, Kamphan