Faifan Kakar Abdulrauf

Litinin, 1 ga Yuli

Ruwa tun asuba. Shagon Baba sai warin tsatsa da sifirit. Yau ma an kawo masa wata rakodar, irin tsofaffin nan masu faifai biyu da zaren tef ke gudu tsakaninsu. Duk Agege ba mai tara wannan tarkacen sai Babana. Sa'o'ina suna can suna yawonsu, ni ina zaune ina zura masa tef ta tsakanin ƙananan ƙarafa, wai yatsuna sirara ne. Ba maganar yatsu ba ce. Idonsa ne ya fara tafiya, kuma ba a faɗa a gidan nan. Umma ta ce ranar da masu kawo gyara suka ji, shago ya mutu.

Littafin soyayyar da ƙawata Muhsina ta ara min yana ƙarƙashin benci. Saura babi uku.

Alhamis, 4 ga Yuli

Wani ya zo daga Isolo. Abdulrauf. Dogo, shadda ruwan toka. Ya rungumo rakodar gidansu a ƙirji, ya ce haka ya riƙe ta a motar haya ta danfo har nan, kwandasta na ta yi masa tsiya wai ya biya mata kujera. Da faifai ɗaya a leda. Muryar kakarsa ce tana yi wa 'ya'yanta tatsuniya, an ɗauka tun babansa na yaro. Shi bai taɓa jin muryarta ba. Babansa yana kwance, shi ya ce a gyaro masa ya ji.

Ya ce min, "Sannu, ƙanwata." Na sunkuyar da kai don kunya. Kullum haka nake.

Asabar, 6 ga Yuli

Ni na sa wa rakodarsu bel ɗin roba mai juya faifai, ni na goge kawunan da tef ke gogawa da auduga. Baba dai yana faɗa min da kunne. Ina ta tunanin yadda Abdulrauf zai kalle ni in ya san hannuna ne. A littafi daga nan ake farawa.

Talata, 9 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Baba yana da al'ada. In ya gama gyara, sai ya ɗora faifansa na gwaji ya ɗauki muryarsa, ya ji ko tana fita tas. Ni ke ɗora masa. Yau ina Islamiyya, bai jira ni ba. Na dawo na same shi da makirfo a baki yana murmushi, yana ta "gwaji, gwaji, Isiyaku mai gyara ne". Na kalli kantar shago, ga faifan gwaji can a ajiye. Girmansu ɗaya da na kakar. Rubutun jiki ne kawai ya raba su, shi kuwa ba ya ganin rubutu.

Na kashe. Muka juyo baya muka saurara. Baba ne, Baba ne, har kusan ƙarshe. Sai can wata tsohuwa ta ɗan yi dariya, ta ce wa wani yaro ya matso kusa. Shi ke nan abin da ya rage mata.

Baba ya ajiye makirfon. Sai ya ce in kawo masa ruwa.

Laraba, 10 ga Yuli

Abdulrauf ya zo karɓa. Ina tsaye bakin labule da mayafina mai kyau, wauta ta.

Baba ya yi masa bayani kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Yarinyar nan ce ta ɗora min faifan da ba shi ba. Yara sai haƙuri."

Abdulrauf ya juyo. Yau ne ya fara kallona sosai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ai da kin karanta rubutun jiki, ƙanwata." Ya ɗauki kayansa, ya ce Allah ya kiyaye gaba.

Maganar tana bakina. Kalma uku ce: ba ya gani. Na haɗiye.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ban shiga shago ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Umma ta ce min uba ne, in rufa masa asiri, ke yarinya ce, gobe an manta da naki, shi kuwa sunansa ne abincinmu. Na ce to. Ba wanda ya tambayi ko ni ma ina da suna.

Muhsina ta zo karɓar littafinta, tana ta zuba wai a ƙarshe gaskiya ta fito, saurayin ya dawo yana kuka. Na ce mata ta tafi da shi, ban ƙarasa ba, ba na so.

Abin da ya fi ci min rai, baban Abdulrauf. Mutum a kwance yana jiran muryar uwarsa, sai ya ji Isiyaku mai gyara.

Juma'a, 19 ga Yuli

Baba ya ajiye min ƙosai a bakin ƙofar ɗaki. Na bar ƙosan har ya huce. Ta labule ina jin shi yana lalube, sukurori na faɗuwa, ba ya kiran sunana. Ya ce wa wani Bayarabe mai tara rakodoji ya dawo mako mai zuwa, wai kayan gyara ne ba su iso ba. Kayan suna gabansa.

Talata, 23 ga Yuli

Da Baba ya tafi sallar la'asar na shiga shago. Ƙura ko'ina. Na ɗauki faifan gwajinsa na yi masa tsaga uku a gefe da reza, yadda yatsa zai ji ko ido a rufe. Na maida shi wurinsa. Tun da na shiga, sai na tsince sukurorin da ke ƙasa.

Ba don shi na yi ba. Don kayan mutane ne.

Da ya dawo ina jin sa'ad da ya ɗauka. Ya daɗe yana shafa gefen. Can ya ce, "Nuriyya, ko za ki duba min bel ɗin nan?"

Na dai je.