Abincin Rana a Gidan Aniello

Castellammare, watan Mayu

Zuwa ga ɗana Catello, sanyin idona,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya teku, yaya aikin injin jirgi? Tarin nan naka ya sake ka? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa.

Ka roƙe ni in ja Erminia a jiki kafin ka dawo a yi biki. To, na ja ta. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na kai ta gidan abincin Aniello, na gayyato gwaggonka Nannina da maƙwabciyarmu Rafilina. Wurin ya cika maƙil, duk 'yan unguwa ne, har da tsofaffin abokan aikin babanka na ma'aikatar ƙera jiragen ruwa.

Ɗana, ka gaya mini marainiya ce, ka gaya mini guga take yi a shagon wanki, amma ba ka gaya mini in'inarta ta kai haka ba. Shi ya sa na ce ita za ta faɗa wa Aniello abin da kowa zai ci. Shi kuwa ya so ya shiga tsakani, wai, "Haba Donna Fortuna, ai na san cimar kowa a teburin nan." Na ce masa ya tsaya ga murhunsa, surukata tana da baki.

Ta fara: "Ta-ta-ta..." Taliyar ta ƙi fita. Nannina ta ce, "'Yar nan, kafin ki kai ƙarshen taliyar nan an yi jana'izarmu." Rafilina ta ce, "Ki rera ta da waƙa mana, an ce haka kuke yi." Da ta samu ta fitar da ita da ƙyar, sai na ce na fasa, fiza nake so. Ta kama fiza, na ce a'a, soyayyen kifi. Teburin da ke bayanmu suka fara buga cokali suna taya ta. Rabona da irin wannan dariya tun babanka yana da rai. Wuyanta ya yi ja kamar tumatir, ta bar taliyarta ta huce a faranti, ta tashi ta fita ko sallama babu. Ka ga tarbiyya?

Ka yi tunani tun da wuri. Ka riƙa rufe ƙirjinka da safe.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Fortuna

Castellammare, watan Yuli

Ɗana Catello,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata zafin can bai dame ka ba, kuma ana ba ku abinci na kirki.

Amsarka ta iso. Ko lafiyata ba ka tambaya ba. Ka ce ba Erminia ce ta kai ƙarata ba, Aniello ne ya ba wa wani abokin aikinka labari. To, shi mai sayar da taliya ina ruwansa da gidana?

Ka ce in je in ba ta haƙuri. Na je, don kada ka ce ban ji maganarka ba. Na same ta a shagon wankin, ga mata a layi suna jiran kayansu. Na ce mata, "Yarinya, na zo ba da haƙuri, amma ba zan tafi ba sai kin ce kin yafe, da ƙarfi, kowa ya ji." Ta tsaya riƙe da dutsen guga, tana kokawa da kalmar, har rigar da ke gabanta ta fara ƙauri. Na ce mata ta yi a hankali, ba na sauri. Mai shagon ce ta fito ta ce in bar mata wuri, kamar wata 'yar talla.

Na gaya wa Erminia gaskiya kafin in fita, kuma kai ma zan gaya maka. Ba na son jikokin da za su kira ni "ka-ka-kaka" yaran unguwa suna bin su da tafi. Ta yaya ma za ta amsa wa limamin coci ranar aure? Sai kyandir ya ƙone kafin ta ce eh. Ni na haife ka, ni na san abin da ya dace da kai. Akwai 'yar mai sayar da magani, bakinta kamar rediyo.

Ka rubuto mini ranar da jirginku zai iso, in dafa maka miyar nama.

Taka har kullum,
Mama

Castellammare, watan Oktoba

Catello,

Ina gaishe ka. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, na gan ka da idona, ka yi ƙiba. Wannan wasiƙar ba ta bukatar kan sarki, zan ba mai kai burodi ya miƙa maka a gidan da kuka kama haya.

Yau bayan coci na nufi gidan Aniello kamar kullum. Ban ga Nannina da Rafilina a coci ba, na ɗauka sun riga ni. Tun daga nesa na ji kiɗa. Aniello ya tare ƙofa da jikinsa, ya ce, "Yau babu wuri, Donna Fortuna, an kama duka tebura." Na ce, "Wa ya kama?" Sai ya matsa kaɗan don in gani.

Kai ne, cikin baƙar kwat, Erminia kuma a gefenka da farar rigar amare. Ban ma san jirginku ya iso ba. Ga gwaggonka Nannina a babban tebur, bakinta dumu-dumu da miya, tana shafa kan amarya tana cewa "'yata". Ga Rafilina tana raba fiza. Mun haɗa ido da ita, ta juya ta ci gaba da yanka. Duk masu buga cokalin nan suna nan, suna ɗaga kofi. Kai ma ka gan ni, Catello. Kada ka ce ba ka gan ni ba. Ka dube ni kamar yadda ake duban mai wucewa, sannan ka zuba wa amaryarka ruwa.

Matar Aniello ta biyo ni lungu da taliya a ƙunshe. Ita ce ta gaya mini abin da ka faɗa wa mutane da suka tambayi uwar ango: wai ba ni da lafiya, ina kwance. Na ajiye wa magen lungu taliyar.

Ba zan bari a ce ɗana maƙaryaci ne ba. Na dawo gida na rufe tagogi, na sa rigar barci da rana tsaka, na kwanta. Duk wanda ya tambaya zan ce jiki ne. Mara lafiya kuwa zuwa duba shi ake yi. Ban saka sakata ba. In ka ga dama ka zo da ita, ba sai ta ce komai ba.

Mahaifiyarka,
Fortuna