Na Buɗe Randarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Bayan gaisuwa, Inna, na san kina hutawa inda babu yunwa, amma ki yi haƙuri, yau sai na dame ki.

An rufe boda. Manyan motoci sun yi layi a hanyar Konni, albasa tana ruɓewa a cikinsu. Surukinki ya jingine babur, babu fasinja. Hatsin da ya rage mana bai fi na sati biyu ba.

Kin tuna randarki ta bayan ƙofa? Duk sanda za ki ɗora tukunya sai kin damƙi gero hannu ɗaya kin zuba a randar, ki ce rabon baƙon Yesu ne. Ni kuwa in yi ta miki tsiya, wane irin baƙo ne wannan da ba ya isowa? Tun da muka binne ki bara ban ƙara ko ƙwaya ba, ban kuma buɗe ta ba.

Ranar Lahadi ina dawowa daga sujada na ga wani tsohon direba a gindin motarsa yana cin ɗanyar albasa da gishiri. Na zo gida na durƙusa, na roƙi Allah ya ciyar da direbobin nan, na ce amin, na yi zamana. Sai muryarki ta faɗo mini, irin tsawar da kika daka mini shekarar da ruwa ya ci gidaje a Kalmalo: "Kin ce amin, to mi kike jira? Tashi ki hura wuta!"

Na yi gardama da ke a zuciyata, Inna. Jikokinki fa? Geron nan zai riƙe su wata guda. Na sha kukana, sannan na ɗaga murfin.

Yau kwana biyar ina dama wa direbobi kunu a bakin hanya da ludayinki. Tsohon nan ya kurɓa, ya dube ni, ya tambaya ko ni ɗiyar matar nan ce mai cika citta a kunu. Ashe mutumin Kalmalo ne, ya sha naki a shekarar ruwan. Sai na juya baya ina gyara wuta.

Randar ta kusa kaiwa ƙasa, boda kuma shiru. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma da safen nan, kafin in ɗora tuwon yara, na damƙi hannu ɗaya daga namu na zuba a randar.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a gabansa, ya buɗe mana hanyar nan. Amin. Na tashi, Inna, zan hura wuta.

Ɗiyarki mai tsiya,
wadda kewarki ta ishe ta.