Sawun Takalmina Aka Bi Har Gidan Sabo

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana da na garinmu, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina. Ni kaina na gaji da zagin kaina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Kunci, na haura arba'in, da mata da 'ya'ya. Bara jiri ya kayar da ni a gaban allo, aka auna aka ce hawan jini ne, likita ya ce lallai in riƙa motsa jiki. Ƙanena da ke aiki a birni, sarkin karambani, bai shawarce ni ba ya je ya sa sunana a gasar gudun fanfalaki, rabin zango, kilomita ashirin da ɗaya, ya aiko min da kambas na gwanjo. Ni da ko akuya ban taɓa bi da gudu ba! Ranar da na fara, da la'asar na fita. Ban kai rijiyar burtsatse ba numfashi ya nemi ɗauke min, ga wata tsohuwa ta yar da ƙwaryarta ta rufa min baya tana salati, a zatonta 'yan bindiga ne suka shigo gari. Aka yi sati ana min dariya a majalisa. Alhaji Mudi, mai babbar gona a garin, ya ce mutane na neman abin da za su zuba a ciki, ni kuma ina neman inda zan zubar da wanda na ci. Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, a shekarun nan gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya.

Sai na koma yi a ɓoye. Akwai wani bawan Allah, bari in kira shi Sabo, wanda ya gudo daga yamma da matarsa da 'ya'yansa mata bayan an ƙone musu gari, mai unguwa ya ba shi wani kango a bakin gari. Bayan kangon akwai tsohon rumbu da ba a amfani da shi, a ciki nake ajiye takalmin. In an idar da sallar asuba sai in sulale, in cire silifa in sa kambas, in bi burtali, in dawo kafin gari ya waye sosai. Matata ma ta ɗauka wuridi nake tsayawa a masallaci, kun ji wata ƙaryar kuma. Da fari gudu kaɗan ne tafiya da yawa, ƙafar hagu na min ciwo, amma a hankali har na kai ina zuwa bakin daji in dawo ban tsaya ba. Wallahi na ji daɗin abin, jinina ya sauka, barci ya dawo min.

To kun san halin da ake ciki bana. Tun gero bai gama nuna ba ake shiga gonaki ana yanke kawunansa, wasu har sun koma kwana a gona da gora. Makon jiya an kwana ana ruwa, na fita kamar kullum, sai gefen cikina ya murɗa daidai gonar Alhaji Mudi. Na ratse ciki na tsuguna in huta, ina ɗaga kai na ga kara tsaye ba zangarniya, an yi wa gonar aski. Na tashi da sauri na ci gaba da guduna. Me ya hana ni in je in faɗa? In ce me nake yi a can da duku-duku?

Da hantsi aka ɗauko Baba Ɗanlami, tsohon da ke bin sawu in an yi sata, jama'a suka ɗunguma bayansa, har da ni a ciki. Ya duƙa a kan laka ya daɗe. Ya ce mai wannan takalmi babban mutum ne mai jiki, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma da gudu yake tafiya. Ya bi burtali ya dawo ya ce ga tsohon sawu ƙarƙashin na yau, mutumin nan kullum sai ya je bakin daji ya komo. Can wani ya ce wa yake kai wa labari a dajin? Kafin a ankara kalmar infoma ta fita, kuma ku kun san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna yanzu. Ina ji ina gani sawuna ya ja mu har bakin rumbun nan, aka zura hannu aka zaro kambas ɗina da ɗanyar laka a jiki.

Ba wanda ya tambayi Sabo komai. Baƙo ne, daga inda ake fitina ya zo, shi ke nan. Aka janyo shi ana duka, matarsa na kururuwa, har hannunsa ya karye. Ni kuwa ina tsaye. Na ce ku bar shi haka, amma da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Tsoro ne zalla, ba zan ƙawata muku shi ba. Na hango kaina a ƙasa a madadinsa. Mai unguwa ne ya ƙwace shi ya kulle a zaurensa, ya ce a bari sai bayan sallar Juma'a a yi zama. Samari sun ce ba ruwansu da zama, kuma a wurin mai shayi na ji ana raɗa cewa an tanadi fetur. Ba mai sayar wa matarsa ko gishiri, 'yarsa da ke ajina ta daina zuwa makaranta.

Jiya mai unguwa ya kira ni, wai ni ne malami, in shiga in yi wa Sabo nasiha ya faɗi gaskiya ko a samu sassauci. Ni fa! Na shiga na same shi jingine da bango, an ɗaure hannun da kara. Na gaishe shi ya amsa, na rasa ta inda zan fara. Shi ya riga ni, a hankali, yana kallon ƙofa.

"Malam, kwana biyu ba ka fita gudu ba."

Na zauna a ƙasa. Ashe kullum yana ganina ta kafar danga. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba ranar da ake dukansa.

"Ni baƙo ne, in na kira sunanka wa zai yarda? Na ce a raina kai malami ne, ka san Allah, da bakinka za ka faɗa. Hannu zai warke, Malam. Yaran nan nake ji."

Na fito na ce wa mai unguwa har yanzu bai amsa ba. Kun ji, a nan ma ban faɗa ba.

Tun daga nan ba na iya cin abinci. In na fito na ce takalmina ne, wa zai yarda cewa ƙato kamata yana zuwa bakin daji kullum don kawai ya yi zufa? Ga sawuna a tsakiyar gonar, ga shiruna na kwana da kwanaki, ga matata da za ta shaida ban taɓa gaya mata ba. Shaidar gasar tana wayata, amma a ranar da aka fusata wa zai tsaya duba waya? In kuma na yi shiru, na san abin da zai faru da Sabo, kuma na san ni na kashe shi. Na yi tunanin in sami mai unguwa shi kaɗai, amma gidansa ba ya rabo da samari. Na yi tunanin 'yan sanda, to kafin su iso fa? Ɗazu ƙanena ya kira yana dariya, wai yaya atisaye, saura ƙiris gasa. Na kashe wayar.

Yanzu ko tafiya nake a gari sai in riƙa daurewa ina taka ƙafar hagu sosai kada a ga ɗingishin, kuma yau da safe na lura Baba Ɗanlami ya bi ƙafata da kallo har na sha kwana. Jibi ne Juma'a, Sabo yana zaure yana jiran bakina. Jama'a, don Allah, me zan yi?